Ruwan Kifin Auta

Daga gida, ƙasar Shanono, bayan girbi

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Asiya da yara. Mu nan lafiya lau. Tunda ka ce maganar kifinka a rubuce kake sonta, ga shi na ba Basiru direba, gobe zai ɗauki wake daga Dawanau zuwa Legas.

Kifinka ɗaya ya mutu, shuɗin nan mai rawayar wutsiya. Kafin ka fara faɗa, saurara. Ruwan tekun da ka aiko, jarka biyu an taɓa zuba manja a ciki, sauran kuma sun sha rana a bayan mota har sun fara wari. Na tace da ƙyalle yadda ka nuna mini. Ba a jima ba fararen ɗige-ɗige suka feso masa, ya dinga goga jikinsa a dutse, wata safiya na same shi ciki sama.

Ni dai har yau ban gane maka ba. Ka gina gida a mahaifarka ka ƙi zama, ka ajiye akwatin gilashi mai tsawon gado a falo, ka sa sola saboda kifin da ba a ci. Mu mu kwana da tocila, kifi ya kwana da lantarki. Ni kuma da ko dam ɗin Tiga ban taɓa gani ba, ni ce mai renon teku.

Maganar gayaunata ta bayan gidanka da ka sake turo Kawu da ita, amsar ba ta canja ba. Baba ya ba ni tun ina budurwa, aka tabbatar mini ranar rabon gado. Tun rasuwar mijina, baban su Hure, ita ce tuwonmu, ita ce miyarmu. Ka nemi wajen ajiye motarka a wani gefen.

Ka gaida Asiya.
Yayarka, Aina'u

*

Legas

Wa alaikumus salam Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Hure da Kaltume. Saƙonki ya iso. Mutuwar kifin ba laifinki ba ce. A shagon da nake aiki ma mun daina sayar wa mutane ruwan teku. Ruwan teku kyauta ne, kuma shi kifin ya sani tun asali, amma yana zuwa da cuta da man jirage, ga shi ba ya jure doguwar tafiya.

Na ba Basiru bokiti biyu na gishirin kamfani. Farin gari ne da aka haɗa don wannan aikin. Ki tari ruwan burtsatse ta matatar da na sa, ki auna da kofin da ke ciki, ki juya, ki bar shi ya kwana. Duk Juma'a ki kwashe jarka huɗu na tsohon ruwa ki zuba sabo.

Ga wani alheri. Tsohon ruwan teku na ce ki riƙa zubarwa a kwata, domin shi yana cutar da shuka. Wannan daban ne. Sinadaran da ke cikinsa irin na takin zamani ne, ga kuma kashin kifi. Kin dai ga lambun maƙwabcinmu Malam Hashimu yadda ruwan tarwaɗarsa ya mai da shi. Ki zuba a gayaunarki yanzu da rani, ƙasa ta sha kafin damina. Za ki ji ɗanɗanon gishiri, kada ki damu, takin zamani ma in kin lasa haka yake.

Maganar fili kuwa na bar ta. Zumunci ya fi mota.

Ƙaninki mai biyayya,
Kamaruddeen

*

Daga gida, cikin bazara

Assalamu alaikum Autan Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Zafi dai sai godiya.

Gaskiyarka ce, gishirin kamfanin nan ya karɓi kifinka. Ruwa garau kamar ba ruwa. Jajayen nan biyu masu farar ɗamara har ƙiba suka yi, in na shigo sai su taso suna rawar jiki. Kada ka yi mini dariya, na fara yi musu magana.

Ruwan kuwa ko ɗigo ba na bari ya tafi kwata. Da na lasa na ji gishiri zau, amma na ce wanda ya yi shekaru a cikin harkar ya fi ni sani, kuma garin fari ne tas kamar takin da ake rabawa. A kaina nake ɗauka, jarka-jarka, in bi kunya-kunya daga wannan kusurwa zuwa waccan don kada wani waje ya fi wani samu. Wuyana har ya sage. Yanzu ƙasar ta yi fari-fari a sama, Hure ta ce taki ne ya kama. Matar Malam Hashimu ta roƙe ni jarka ɗaya na hana ta, na ce kyautar ƙanina ce. Zogalen bakin danga ne kawai ya zubar da ganye, amma bana ranar ta yi yawa.

Auta, na yi maka mummunan zato a kan filin nan. Na kwana ina jin kunyar kaina. Ka yafe mini. In Allah ya kai mu kaka, buhun wake na farko na Asiya ne.

Yayarka, Aina'u

*

Daga gida, tsakiyar damina

Kamaru,

Sallama dai ta Musulunci, ita ce kawai zan iya ba ka.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, ni ma na yi. Gonar kowa ta tsiro, tawa shiru. Na ce iri ne, na ari wani na sake. 'Yan tsirarun da suka leƙo suka ƙone daga baki suka kwanta. Kuɓewa, yakuwa, wake, dawa, babu ko ɗaya. Ko ciyawa ta ƙi fitowa. Gero ya kai ƙugu hagu da dama, tawa a tsakiya fili fetal kamar filin ƙwallo. Zogalen Baba ya bushe har saiwa.

Malamin gona ya zo. Ya ɗebi ƙasar ya sa a harshe ya tofar, ya tambaye ni wa nake gaba da shi. Na nuna masa bokitinka. Ya ce gishiri gishiri ne, na teku da na kamfani duk ɗaya ne a wajen ƙasa, an ma yi na kamfanin ne don ya zama daidai da na teku. Ya ce sai damina ta yi ta wanke wajen shekara da shekaru kafin ya dawo. Me zan ba yara kafin nan?

Abin da ke ƙona mini rai, da kaina na ɗauka. Ba ka turo kowa ba. Ka zauna a Legas ka sa na kashe gonata da hannuna, ina yi ina sa maka albarka. Ni na goya ka lokacin da Inna take jinya, Kamaru. Na tsane ka yau, kuma ban taɓa zaton bakina zai iya faɗar haka ba.

Ka ba ni amsa. Ka sani ko ba ka sani ba?

Aina'u

*

Legas

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma jajanta miki. Allah ya mayar da alheri. Kalamanki sun yi zafi, amma na san ɓacin rai ne, na yafe.

Ni ma'aikacin shagon kifi ne, ba malamin gona ba. Shawara na bayar, ban ɗora miki jarka a ka ba. Wataƙila kin zuba ya yi yawa, kin san hannunki da nauyi ko a miya. Ƙasar ma ta gaji, tun zamanin Baba ake nomanta ba hutu.

Yanzu mu duba gaba. Filin ba zai ba ki komai ba, ni kuma ba zan iya kallon 'ya'yanki da yunwa ba. Ki sallama mini shi a gaban Kawu da mai unguwa. Ni kuma duk wata Basiru zai sauke miki masara da shinkafa da mai, muddin kina kula da kifin. Kowa ya huta.

Kada ki manta da canjin ruwan Juma'a. Ɓacin rai bai shafi kifi ba.

Ƙaninki,
Kamaruddeen

*

Daga gida, farkon kaka

Assalamu alaikum,

Gaisuwa. An yi yadda kake so. Na kai kuka wajen manya, suka ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne, kuma kai ka sa wa masallaci sola. Kawu ya ce ma in gode Allah da ya ba ni ƙani mai tausayi. Na dangwala hannu.

Ranar da aka sauke bulo na shiga falonka da garin omo a tafin hannuna. Jajayen nan suka taso suna rawar jiki, sun ɗauka abinci ne. Sai na tuna rumbuna babu ko zangarniya, in sun mutu Hure da Kaltume ne za su kwana da yunwa. Na fita na wanke hannuna, na dawo na ba su abincinsu.

Ma'aikatanka sun kankare ƙasata sun zubar a bayan gari. Tifa ta kawo baƙar ƙasa daga fadama, an zagaye rumfar motar da dashen mangwaro. Ashe wajen yana gyaruwa, in mai shi yana da tifa.

Gobe Juma'a. Kwatar da nake zubarwa a da, gininka ya toshe ta. Ina zan kai tsohon ruwan?

Aina'u

*

Legas

Wa alaikumus salam Yaya,

Madalla da kika fahimta. Ki ɗauka ki kai can bayan gari, nesa sosai. Don Allah kada ko ɗigo ya taɓa mangwarona. Gishiri ne, kashe su zai yi.

A gaida yara.
Kamaruddeen