Wufa Biyu a Ɗakin Baba

Goronyo, 9 ga Maris

Yaya Patrick,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, kai da Anti Susanna da yara. Ya zafin Kaduna? Namu dai ya fara gasa mutane. Na rubuto a takarda na ɗauka a hoto, tunda saƙon murya biyar na tura maka ba ka buɗe ko ɗaya ba.

Na ji abin da ka ce, in Ista ta zo Baba bai canza ba za ka zo ka tahi da shi. Ban ce ƙarya ka yi ba. Tun da kunnen nan ya rufe gaba ɗaya, ɗaki kawai. Tuwo loma uku shi ture. Coci ya bari, wai mi zai je yi, shi da ya shekara ashirin shina yi wa mawaƙa kiɗa. Amma Yaya, a gidanka kai ofis, Anti asibiti, yara makaranta. Wa zai gani? Nan ko ba komai Malam Mainasara maƙwabcinmu kullum sai ya leƙo daga garkar albasa, su zauna tare. Shekara talatin Baba ya yi cikin ƙarar injinan ban ruwa na garin ga yana gyaransu, kowa ya san shi.

Ga dabarata. Na ga bidiyon wasu kurame suna rawa, wai ta jiki suke jin kiɗa. Na ɗora hannun Baba kan wufar rediyonmu, wannan akwatin mai dum-dum, ya ɗan tsaya kamar ya ji wani abu. Sai dai ƙarama ce. Lauwali direban Achida ya sai da motarsa ya riƙe wufarta, ƙatuwa, ni da Habi matar Malam da ƙyar munka ɗaga ta. Na yi wa matar Lauwali ɗinki kala biyu ya ba ni. Zan haɗa su biyu. Kada ka yi dariya, ka bar ni zuwa Ista.

Ka gaida kowa. Ƙanwarka mai taurin kai,
Rose

Goronyo, 17 ga Maris

Yaya Patrick,

Ina gaisuwa, da fatan mura ta saki Alfred ƙarami. Mu lahiya lau, sai ɓacin rai.

An haɗa. Ƙasimu mai gyaran wuta ya zo da farar waya irin ta ƙwan lantarki, ya tuɓe baki da haƙori, ya murɗa, minti biyar ya gama. Na tambaye shi wane silin waya ke zuwa jan rami na bayan wufa, wane baƙi, ya ce haba malama, wuta ai wuta ce, duk gidajen layin ga shi ya ja musu ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Na zaunar da Baba tsakiya kan benci, ƙarama dama, babba hagu, na sa waƙar mawaƙan cocinku da ka turo. Yaya, dum-dum ɗin ya gudu! Wufa ɗaya ta fi biyun ƙarfi. In ka je lungu kana ɗan ji, amma daidai inda Baba yake, kamar an zuba ruwa a garwashi. Na ƙure ƙara har amfilifaya, na'urar da ke tura musu sauti, ta yi zafi. Baba ya dube ni, ya dafa kaina, ya koma gado ya juya ya fuskanci bango. Wannan dafawar ta fi zagi ciwo.

Data ta dubu ɗaya na ƙone ina kallon turawa suna bayani, da zane-zane, da Turanci kamar ana korarsu. Wani a ƙasan bidiyo ya ce ba a haɗa wufa iri biyu, a jefar da ɗaya. Shi jefar da tasa. Habi ta ce ko wufar mota ba ta saba da zaman gida ba ne.

Na san abin da za ka ce. Saura sati biyu, ban cire waya ba, kuma ba ni cirewa. Kullum da hantsi ina kunnawa ina jan akwatunan nan lungu-lungu.

Taka,
Rose

Goronyo, 26 ga Maris

Yaya Patrick,

Gaisuwa a gurguje. Ina fatan kuna lahiya.

Ranar Litinin ta satin da ya wuce ina ta jan babbar ina haɗa gumi, ashe Baba na kallona. Ina jin tausayi na ba shi, ko haushi. Ya sauko ya tsuguna, hannu ɗaya kan wannan, ɗaya kan waccan, ya rufe ido ya daɗe. Ya yi mini alama in kashe. Ya zare wayoyin daga bayan amfilifaya, ya ciro batir daga tocilarsa, ya taɓa wayar ƙarama, fatar bakinta ta turo waje. Ya taɓa ta babba, ta shige ciki!

Sannan ya yi magana, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, har Habi ta jiyo ta katanga. Wai wane sakarai ne ya haɗa wannan. Wai inji biyu ne kan bututu ɗaya, wannan na turo ruwa wancan na zuƙewa, ta ina gona za ta sha? Ya juya silin babbar, ya ƙulla zare a jikin na ja don kada a sake rikitawa, ya sa na jingina ta da ƙafar benci. Wata huɗu rabon da in ji jimla uku a jere daga bakinsa, kuma duk zagin Ƙasimu ne. Na kunna. Kwanukan Habi biyu sunka faɗo daga jere can gidansu. Baba na zaune, benci na rawa, shi kuma yana murmushin mugunta.

Malam Mainasara ya shigo faɗa, ya iske abin da anka yi, sai faɗan ya koma roƙo. Injinsa na ban ruwa sati guda yana tari, makanikai biyu sun kasa, albasa na shan rana. Jiya na tashi na iske ɗaki ba kowa, takalmi babu. Na fita a guje ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Can bakin garka na same shi, wando naɗe, tafin hannu kan injin, manoma huɗu na tsaye suna jiran abin da zai ce. Ya dawo da laka har gwiwa, ya cinye tuwo ya nemi ƙari.

Na rubuta masa maganarka a takarda, ban ɓoye ba. Ya karanta ya ce in gaya maka shi ba buhun albasa ba ne da za a ɗora a mota, kuma akwai inji uku da ke jiransa.

Don haka ka zo Ista, da Anti da yara, mu ci shinkafa. Kunnen dai bai dawo ba, likita ya ce ba ya dawowa. Amma in ɗaukarsa ka zo yi, ka taho da takalmin roba, ka shiga fadama ka faɗa masa da kanka.

Allah shi kawo ku lahiya. Ƙanwarka,
Rose