Zuciyar ɗana na bugawa a hankali, ubansa ya ce wai lafiya ce

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai matan unguwarmu a nan kuma na san halinsu. Don Allah ku ba ni shawara, magana ce ta cikin gida ta hana ni sukuni, na rasa wanda zan yarda da shi, har da mutumin da nake aure.

Ni 'yar Daura ce, a nan aka haife ni, a nan na yi aure. Maganar ɗana na fari ce, bana zai gama sakandare. Ba zan rubuta sunansa ba, dama tun da aka raɗa masa shi bakina bai taɓa furta shi ba. Haka muka taso a gidanmu, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Babba muke ce masa. Ga kuma dalili na biyu, sunan yayana marigayi ya ci. Yayan nan nawa saurayi ne ƙaƙƙarfa, ko ciwon kai ba ya yi, ana tsakiyar ƙwallo ya yanke jiki ya faɗi a fili, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ina budurwa a lokacin. Maigidana abokinsa ne, tare suke bugawa, yana cikin waɗanda suka ɗauko shi daga filin. Ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Babba ya taso da asma. In sanyi ya shigo ko hayaƙin murhu ya same shi, sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar 'yar kyanwa, ya yi ta neman numfashi. Ga wannan, ga abin da ya faru da yayana, sai na kafa doka ta bakin ubansa, ba ƙwallo, ba gudu, ko langa ban yarda ya yi ba. Har makaranta na sa aka je aka ce a cire shi daga wasanni. Kuma da yake ba zan iya tsayar da shi in ce yaya jikinka ba, sai na samo tawa dabarar. In ya kwanta barcin rana a tabarma a ƙarƙashin rumfa, na ga ba kowa a tsakar gida, sai in lallaɓa in durƙusa in kara kunnena a ƙirjinsa in ji ko kukan nan yana nan. Tun yana ƙarami nake yi har ya zama saurayi, ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku yau.

Tun bara na fara ganin abin da ban gane ba. In sun fita sallar asuba shi da babansa, ba sa dawowa sai rana ta fito, wai suna tsayawa karatu a masallaci. To wane irin karatu ne mutum zai dawo rigarsa ta sama a bushe amma singiletinsa sharkaf? Ga ci, ya tashi da malmalar tuwo ya nemi ƙari, amma kumatu sai zubewa suke yi. Ran nan na shiga ɗakin awaki ɗebo dusa, sai ga takalmin kambas an cusa a bayan buhu, duk ya sha ƙasa, ni kuwa ban san da shi a gidan ba. Kun san yadda yaran nan suke shiga harkar fito, wato fasa-ƙwauri, ta hanyar Mai'adua, a bi daji da kaya a guje, kuma yawanci sai da ƙwaya ake iya wannan wahalar. Na caje aljihunansa, na shinshina kayansa, na ɗaga katifarsa, ban ga komai ba. Na sami babansa da maganar, sai ya yi dariya ya ce ni dai na cika zargi. Dariyar nan ita ta ƙara tsaya min a rai, don mutum ne da ko kaza ta makara shiga akurki sai ya yi bincike, amma a ce ɗansa na ɓoye takalmi ya ce ba komai.

Sai ranar da hankalina ya tashi gaba ɗaya. Na kara kunnena kamar kullum, ƙirjin fes, babu kukan ko kaɗan, har na fara hamdala. Sai na lura da zuciyar. Ta buga, ta yi shiru kamar ta manta, sannan ta sake bugawa. Na dafa tawa na ji tana sauri, na je na dafa ta ƙanwarsa, ita ma tana sauri, tasa kuwa kamar mai jan ƙafa. Wallahi ba abin da nake gani sai yayana a kwance. Da maigidan ya dawo na ce masa ko dai ƙwaya ta fara kashe wa yaron nan zuciya, ko kuma ciwon gidanmu ne ya biyo shi, gobe sai asibiti, in bai kai shi ba zan aika a kira ƙannena su kai shi.

Mun je. Abu na farko da na gani, likitan da maigidana suka tafa suna tsokanar juna kamar waɗanda suka rabu jiya. Da za a duba shi ni ban shiga ba, ina zan tsaya ɗan fari yana cire riga a gabana, na zauna a benci a waje. Bayan sun gama likitan ya sa aka kira ni, yana murmushi ya ce, "Hajiya ki kwantar da hankalinki, wannan ai zuciyar ɗan wasa ce." Ya yi min bayani cewa zuciya tsoka ce, in matashi yana motsa jiki a kai a kai sai ta yi ƙarfi, bugu ɗaya ya tura jini mai yawa, shi ya sa in yana hutawa ba ta buƙatar gaggawa. Ya ce numfashi ma haka ne, jiki yana sabawa ya daina haki da wuri, amma asmar ba warkewa ta yi ba, kada ya rabu da inhelarsa, maganin nan da yake shaƙa, kuma ya riƙa ɗumama jiki kafin ya fara. Na ce likita wane ɗan wasa kuma? Yaron ya sunkuyar da kai, uban ya ɗaga kai yana kallon fanka.

A gida ƙwai ya fashe. Ashe ba wani karatu, daga masallaci titin Sandamu suke miƙewa, yaron yana gudu, uban yana binsa a baya a kan mashin da inhela a aljihu. Wai da tafiya suka fara, sai sassarfa, har ya kai yanzu in ya ɗauki hanya sai an ce masa ya isa. Kambas ɗin ma uban ne ya saya. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce sun mayar da ni saniyar ware a gidana, sun haɗa baki suna min ƙarya da sunan masallaci. Shi kuma ya ce ni na so in kashe yaron a zaune, a da ko bokiti ya ɗauko sai ya tsaya yana haki, samari na masa dariya, shi ba zai zuba ido ɗansa ya zama haka ba. Gaskiya ban da bakin musu a nan, na ga Babba yana jan ruwa a rijiya ya cika randuna bai tsaya ba, kuma sanyin bana ko sau ɗaya ba mu je asibiti ba.

Amma ga inda zargina yake. Na tambaye shi ko likitan ya tambayi tarihin dangi, ya ce ya tambaya. Na ce me ka ce masa? Ya ce ya ce babu wani abu. Mutumin da ya ɗauko yayana da hannunsa. Wai yayana kwanansa ne ya ƙare, ba wanda ya auna ya ce zuciya ce, in na tono maganar za a hana yaron abin da yake so a banza. Alhali ƙanin babanmu ma yana matashi ya faɗi a gona bai tashi ba. Na taɓa ji a rediyo wani likita yana cewa in an taɓa irin wannan mutuwar ta farat ɗaya a dangi, a gaya wa likita, a yi wa yaro gwajin nan da ake manna wayoyi a ƙirji kafin ya shiga gasa. Shi Babba abin sauraron ƙirji kawai aka ɗora masa. Daga baya kuma na ji ashe likitan tare suke buga ƙwallon tsofaffi da maigidana. Ban ce likitan ya yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa da shi ya yi aiki, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, ina ganin kamar an shirya min zancen tun kafin mu je.

Yanzu malamin wasanninsu ya zaɓe shi zai je gasar gudun dogon zango a Katsina, kuma lokaci ya matso. Uban ya amince tuni. Yaron ne ya ce ba zai taka ko'ina ba sai na sa masa albarka. Shekaranjiya ina tankaɗe ya zo ya tsuguna a bakin madafa, kansa a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Inna, in kin ce kar in je, wallahi ba zan je ba. Amma tun da na fara gudun nan ne na san yadda mutane suke numfashi." Na ci gaba da tankaɗen garin da ya riga ya tankaɗu. Har ya miƙe, sai ya ƙara cewa, "Kuma ki daina jira sai na yi barci. Ni ba na barcin rana, don ke nake kwanciya a rumfar."

Na kasa ɗaga ido, yana fita na shiga ɗaki na yi kukana.

'Yan uwa ya zan yi? In na hana shi, na mayar da shi gidan jiya, kuma na san ba zai ƙara zuwa ya tsuguna a gabana ba. In na bar shi ya tafi a haka wani abu ya faru, ba zan yafe wa kaina ba, ba zan yafe wa ubansa ba. In ajiye kunyar nan in kama hannunsa da kaina mu je wurin wani likitan da bai san maigidana ba, in faɗi maganar yayana, ko da hakan zai sa a hana shi gasar, ya kuma ja min rigima da uban? Ko kuwa tsorona ne kawai yake neman tauye yaro mai lafiya? Masu aikin asibiti da ke cikinmu ku gaya min gaskiya, bugun nan na a hankali ƙarfi ne ko alama ce? Don Allah kar ku zage ni, ku ba ni shawara. Ga shi can yanzu haka ya shimfiɗa tabarmar a rumfa ya rufe ido, ni kuma na kasa fita.