Ciyawar da na tumɓuke a filin golf

Laraba, bayan isha'i, Maradi.

Na dawo daga Kano, kafaɗa sai ciwo. Jiya mijin ɗiyata ya kai ni tsohon filin golf inda zakaru ke gasa, filin da ya girmi mahaifina. Da na ɗaga sanda, hannu ya tuna hauyar gonata ta Jiratawa. Ƙwallo na nan zaune, ciyawa ce ta tashi da ƙasarta, faɗin tafin hannu. Na ce shi ke nan, na kunyata shi gaban abokansa.

Ya ce, "Baba, kowa na yi. Ku mayar ku taka, za ta kama."

Ashe dashe ne! Na durƙusa na mayar da ita kamar albasata. Alhamdulillahi. Golf dai ban iya ba, amma ciyawar nan ba za ta mutu ba.