Sunan Dogo da Alli

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baban yara, da fatan ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Kin tuna Talatar da sojoji biyu suka yi sallama a ƙofarmu? Ina kwance kan tabarma, saura shafi huɗu in gama littafi, har na ji haushin katse ni da aka yi. Ba su ce mijina Dogo ya mutu ba. Cewa suka yi gada ta karye da motarsu, kuma ba a gan shi ba. Wata goma sha huɗu ke nan ina riƙe da wannan maganar. A littattafan da nake karantawa, wanda ba a ga gawarsa ba yakan dawo. Har na gama tsara nasa labarin: wani masunci ya tsamo shi, ya manta ko shi wane ne, wata rana zai tuna da ni.

To, ga abin da ya taso. Kin ji labarin dutsen tunawa da ake gina wa sojojin jiharmu da suka rasu a yaƙi. Allo uku aka shirya, na ukun a bar shi fili saboda waɗanda suka ɓace. Sai gudummawa ta gaza. Masu manyan riguna da suka yi alkawari a gaban kyamara sun daina ɗaukar waya, alhali surukata keken ɗinkinta ta sayar ta kai. Kwamiti ya soke allo na uku, aka matse sunaye a biyu. Duk sunan da ba a sassaƙa ba kafin Alhamis ta sama, ya rasa gurbi har abada. Kuma ba a sassaƙa na wanda ya ɓace sai matarsa ta sa hannu a takarda cewa ya rasu.

Surukata kuwa, takardar kawai take ajiyewa kusa da kwanon abincina, kullum.

Ki ba ni shawara. Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Amsarki ba ta iso ba, ni kuma na kasa jira.

Jiya na je rumfar tsohon da ke sassaƙa sunayen. Allunan suna kwance kan katako, shi kuma garin dutse har cikin girarsa. Da alli yake fara rubuta suna, sannan ya bi da ƙarfe da guduma. Na sami na Dogo fari fat da alli, na samansa da na ƙasansa duk an sassaƙa. Tsohon ya ce, "'Yata, in ya dawo, ni zan miƙa masa guduma ya kankare da hannunsa, har ladan aiki in ba shi." Na yi dariya, sai ga hawaye.

Mai gadin wurin tsohon sajen soja ne mai hannu ɗaya, yana cikin motar da ke bin ta su Dogo a ranar. Na zayyana masa labarin masunci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Matar Dogo, kwana uku muka yi a bakin kogin nan. Babu masunci ko ɗaya, yaƙi ya kore su tuni. Kuma ke kin fi ni sanin mutumin, ko kwale-kwale ya shiga sai ya runtse ido."

Na sani, Yaya. Bai iya ruwa ba. Tun ranar farko na sani, na tsallake wurin yadda nake tsallake shafin da ba na so.

Da na dawo gida, surukata ta ga farin gari a takalmina. Ita ba ta iya karatu ba, sai ta ce in gaya mata layi na nawa ne, ta riƙe a kanta. Na ce na tara daga ƙasa. Ta tambaya ko in an tayar da allon hannunta zai kai. Na auna da idona, na ce zai kai.

Ki gaida Baban yara, ki sa mu a addu'a. Gobe da safe zan kai takardar da sa hannuna.

Ƙanwarki,
Auta