Maganin Olsa a Gefen Gado

Talata, 15 ga Nuwamba, 1988

Tun da na bar maganin olsa barci ya ƙaurace mini. Ƙwannafi kamar na haɗiyi garwashi, ga faɗuwar gaba, ga zufa duk da sanyin nan.

Ni na bari da kaina. Wata biyu ban ga al'ada ba, na ji tsoron kada ƙwayar ta taɓa cikin da nake roƙon Allah tun aurena. Ko kanwa na ƙi sha.

Yau maƙwabciyarmu nas, Maman Bitrus, ta ce, "Hajiya, ƙwannafin na barin magani ne. Amma zufan nan, ina jin al'ada ne yake miki bankwana."

Na daka mata tsawa, Allah ya yafe mini.

Ga ƙwayar, ga ruwa. Har yanzu na kasa sha.