Daga Kan Itace

Balige, 4 ga Fabrairu, 1997

'Yata Rumondang,

Horas! Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki na jami'a a Yogyakarta. Mu nan ƙalau muke, sai dai idona na hagu da ya yi ritaya ya bar ɗan'uwansa da aiki.

Kwamitin ɗab'i ya dawo mini da littafina. Shekara talatin da ɗaya ina bin sawun Almasihu cikin Zabura, amma wata biyu ya ishe su yanke mini hukunci. Mutum biyu suka ba su duba, an ɓoye sunayensu. Na farko ya ce a buga. Na biyun, wanda suke kira "Mai Dubawa B", ya ce atafau sai an cire babi na bakwai.

Kin san babin. Zabura ta tasa'in da shida ce, inda aka ce Ubangiji yana mulki. Na nuna cewa asalin ayar tana da ƙarin kalmomi uku, "daga kan itace", wato gicciye, kamar yadda wasu iyayen ikilisiya na farko suka karanta ta. Wannan ɗan bana-bakwai kuwa ya ce wai wani magatakarda ne ya cusa su daga baya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko kifin da aka dafa mini ranar ban taɓa ba.

Kwamitin zai zauna bayan Ista. Ke kika san yaren waɗannan masu digiri, ki rubuta mini martanin da zai rufe masa baki. Ina so in riƙe littafin nan a hannuna tun idon dama bai bi na hagu ba.

Ga kofi nan na haɗo miki.

Kawunki,
Marulam Sitanggang

Yogyakarta, 19 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma roƙon Ubangiji ya ƙara maka lafiya. Kofi ya iso, na gode. Don Allah ka je asibiti a Medan a duba idon nan, ka daina jinyarsa da ruwan ganye.

Game da littafin, na yi ta tunani. Sauran babi goma sha ɗayan babu wanda ya taɓa su, kuma babu irinsu a harshenmu na Batak. Me zai hana a buga su yanzu, a ajiye na bakwai? Ba lallai ne mai dubawan nan yana nufinka da sharri ba.

Martani kuwa, Kawu, aiki ya yi mini yawa a wannan zangon. Ka gafarce ni.

'Yarka,
Rumondang

Balige, 7 ga Maris

Rumondang,

Gaisuwa, tunda haka aka saba.

Aiki ya yi miki yawa, ko? Lallai kam. Shafi tara ba wasa ba ne.

Na karɓo rahoton Mai Dubawa B, na bi shi layi-layi da gilashin ƙara girma. Keken rubutunsa ba shi da haruffan Helenanci, don haka ya cike su da biro. Sau huɗu ya rubuta kalmar "itace", sau huɗu ya ɗora mata wasali a gaɓar ƙarshe maimakon ta farko.

Kin tuna tsohon littafina mai baƙin bango, wanda na koya miki Helenanci da shi a baranda kina shekara goma sha biyu? Akwai ɗigo a kan kalmar nan, na ɗauka wasali ne, haka na koya miki. Sai da wani baƙon malami ya zo, ya sa farce ya kankare shi a gabana yana dariya. Ashe kashin kyankyaso ne. Mutum biyu ne kawai a duniya suka haddace kashin kyankyason nan, kuma ɗayan bai rubuta rahoton ba.

Da kin zo kin zauna a gabana kin ce, "Kawu, ka yi kuskure," da na yi faɗa, na huce, mu ci abinci. Amma kika ɓuya a bayan harafi ɗaya, kika bar ni ina kawo miki kukana, har da kofi. Ni da na yafa miki ulos, mayafinmu na gargajiya, ranar da aka yi miki baftisma. Kunya nake ji, ba na ma iya shiga shagon shayi.

Ba na roƙonki. Ina gaya miki ne a matsayin ɗan'uwan uwarki: ki janye rahoton kafin Ista.

M. Sitanggang

Yogyakarta, 20 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, ko da ba za ka amsa ba.

Ni ce. Ɓuyan da na yi laifi ne, na ɗauka, kuma tsoronka ne ya sa ni. Shekarata arba'in da ɗaya, amma har yau in ka ɗaga gira sai in nemi wurin ɓuya.

Na karɓi aikin ne don na san wanda za a ba in na ƙi, mutumin da zai yi kaca-kaca da littafin duka don a san ya yi karatu a waje. Na zauna wata biyu ina neman hanyar da zan ba ka gaskiya. Wallahi na nema, Kawu. Kalmomin nan babu su a Ibrananci. Babu su a manyan tsofaffin kwafin Helenanci. Sai a wasu na Latin da na Kibɗawan Masar. Wa ya koya mini cewa kada in tambayi aya abin da nake so ta faɗa, in fara ƙirga shaidu? Wa yake buga mini rula a yatsu in na ce "ina ji a raina"? Yanzu don na yi abin da ka koya mini na zama maciyiya amana?

Gicciyen Almasihu ba ya tsaye a kan kalmomi uku. In aka buga babin, ɗalibai za su yi maka dariya bayan ranka, ni kuma ba zan iya jin wannan ba.

Duk abin da kawu yake da iko ya umarta zan yi. Ka ce in taho Balige gobe in durƙusa a gaban dangi, zan taho. Amma rahoton ba zan janye ba. Ka cire babin, a buga sauran, ka riƙe littafinka a hannu kamar yadda kake so.

'Yarka, ko ka so ko ka ƙi,
Rumondang

Balige, 2 ga Afrilu

Rumondang,

Gaisuwa.

Na sake ƙirga shaidun. Kin yi daidai. Kada ki yi murna, tun kina jami'a na san haka, na dai yi ta fatan wata tsohuwar takarda za ta fito daga wani kogo ta cece ni.

Ranar da uwarki za ta rasu kina jirgin ruwa, ba ki iso ba. Ciwo ya ci ƙarfinta, ta tambaye ni ina Allah yake. Na karanta mata ayar nan, har da kalmomin ukun. Ta kama hannuna ta ce, "Haka aka rubuta, Yaya? Ba kai ka ƙara don ka lallashe ni ba?" Na ce mata haka aka rubuta. A kan wannan ta rufe ido.

Ba zan cire babin in sa hannu a littafin da ya ce na yi mata ƙarya ba, ba kuma zan buga abin da na san ba haka yake ba. Jiya na rubuta wa kwamiti na janye shi gaba ɗaya.

Kada ki zo bana. Ubangiji ya kiyaye ki.

Kawunki