Makullin da Babu Shi

Yaya Hamadu,

Sallama irin wadda muka saba. Na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba, amma wa zan fara gaya wa in ba kai ba? Littafin ya fito.

Ka tuna akwatin nan rawaya da muke ɗorawa a bayan mota, lokacin da rundunarmu ta injiniyoyin soja ke gyaran titi wajen Ngong? Na'urar auna ƙarfin daɓen ƙasa, mai ƙwayar sinadarin nukiliya a cikinta. Kai ne ke hana kowa zama a kansa ya ci gyaɗa. A kansa na gina labarin: 'yan ta'adda sun sace shi, sun cusa shi cikin motar auduga daga Pitowa, suna son buɗe shi a tsakiyar kasuwar Garwa.

Kullum kana ce min irin wannan littafi ba ya rubutuwa. In na faɗi gaskiyar na'urar, na koya wa mugu aiki. In na yi ƙarya, duk wanda ya taɓa riƙe ta zai yi min dariya. Na daɗe ina ganin kai ke da gaskiya. A littafina na yau da kullum na sha rubuta cewa na haƙura, washegari kuma in koma.

Ga abin da na yi. Nauyin akwatin, warin kwalta, yadda hannu ke zufa a kan mariƙinsa, duk na bar su yadda suke. Amma hanyar buɗe shi ƙirƙira ce tun daga farko har ƙarshe. Na sa masa makulli na biyu a ciki, wanda babu shi a duniya. Mai bin littafina don ya yi ɓarna zai tsufa yana neman ramin makulli.

Mahautan unguwarmu sun karanta, suna ta gardama a kai. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Sani, ya rantse min yanzu ko motar auduga ya gani sai ya matsa gefe, wai na hana shi sakewa a garinsu. Na ji daɗi, amma ba su nake tsoro ba.

Kyaftin Jibrilla, shugabanmu na da, shi nake tsoro. Ranar Juma'a ya zo shagona da littafin a hammata. Ya zauna, ya sha shayi, bai yi sauri ba. Sannan ya ce ya kai babin makullin ya tsaya, ya yi ta tunanin ko shi ne ya manta da shi tsawon shekarun nan. Da ya gane abin da na yi, ya ce na rufe wa mugu ƙofa da kyau, kuma ya ƙarasa littafin gabansa na faɗuwa.

Ka ji, Yaya? Mutumin da ya koya mana na'urar ya yi shakkar kansa. Littafin ya rubutu.

Ban taɓa gaya maka cewa gardamarka ce ta hana ni ajiye alƙalami ba. Sunanka na shafin farko. Maman yaranka ta karɓi nata kwafi, ta sa shi kusa da hularka.

Allah Ya haskaka makwancinka. Wannan karon ni na ci.

Ƙaninka a aiki,
Isiyaku